Yadda Ake Zaɓen Gilashin Ƙara Girma Don Duba Silayid da Allon Kyamara

Mutane iri biyu ne suka fi kawo mini wannan tambaya. Akwai wanda yake ɗaukar hoto da fim, ko wanda ya gaji akwatin tsofaffin silayid, wato hotunan fim da ake kallo ta hanyar haska su daga baya, yana so ya tantance masu kyau kafin ya kai a yi masa sikanin. Akwai kuma mai kyamarar dijital wanda hasken rana ke hana shi ganin allon bayan kyamara, sai ya dawo gida ya buɗe kwamfuta ya tarar rabin aikin ya fito dishi-dishi. Dukansu da lamba suke farawa: na 10x zan saya ko na 20x? Lambar tana da muhimmanci, amma ba ita ce ta farko ba. Gilashin nan, da masu sana'a ke kira lup, ana zaɓensa ne daga girman abin da za a duba da kuma abin da ake son gani a jikinsa. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

1. Fara da aikin da kake so ya yi maka

Ayyuka huɗu ne, kuma kowanne da lup ɗin da ya dace da shi. Na farko, kallon hoton silayid gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa, don ka ga tsarinsa da launinsa da haskensa. Na biyu, binciken ɗan ƙaramin wuri a cikin hoton, kamar idon mutum, don ka tabbatar fokas ya zauna. Na uku, rufe allon kyamarar dijital daga rana. Na huɗu, saita fokas a kan gurzajjen gilashi, wato gilashi mai dishi-dishi da hoto ke fitowa a kansa a bayan manyan kyamarori masu fim na faifai. Rubuta naka a takarda kafin ka fara duba kaya.

Gargaɗi: babu lup ɗaya da zai yi maka duka huɗun yadda ya kamata. Wanda ya nemi haka yakan ƙare da abin da bai gamsar da shi a ko ɗaya ba.

2. Auna abin da za ka duba

Ɗauko rula. Hoton fim ɗin 35mm milimita 24 ne a 36, kuma daga kusurwa zuwa kusurwa kusan milimita 43. Da yake yawancin lup zagaye ne, awon kusurwa zuwa kusurwa shi ne abin lura: idan da'irar da lup ke nunawa ba ta kai milimita 43 ba, za ta yanke kusurwoyin hoton. Firam ɗin da ake saka silayid a ciki, na kwali ko na roba, milimita 50 ne a 50, amma ba shi kake son gani ba, hoton da ke tsakiya kake so.

Fim ɗin 120 ya fi girma. Hoton 6x6 milimita 56 ne a 56, kusurwa zuwa kusurwa wajen milimita 79. Na 6x7 kuwa ya kusa milimita 90. Allon kyamarar dijital galibi inci 3 ne ko 3.2, shi ma awon kusurwa zuwa kusurwa ne, kuma siffarsa ta bambanta: wani 3:2, wani 4:3, wani 16:9. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a littafin kyamara, auna faɗi da tsawon wurin da hoto ke fitowa da hannunka.

Da wannan awon za ka nemi abin da kamfani ya rubuta a kan faɗin wurin da lup ke nunawa. Idan mai sayarwa bai rubuta ba, tambaye shi. Idan lambar ƙarin girma kawai ya sani, nemi wani.

3. Zaɓi lambar ƙarin girma

A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari mu daɗe kaɗan.

Lambar da ake rubutawa, 4x ko 8x ko 10x, daga lissafi ɗaya ta fito. An ɗauki santimita 25 a matsayin tazarar da lafiyayyen ido ke duba abu a kusa ba tare da wahala ba, sai a raba milimita 250 da tsawon fokas na gilashin, wato tazarar da ke tsakaninsa da wurin da yake tara haske. Gilashi mai milimita 25 zai ba da 10x, mai milimita 62 zai ba da kusan 4x. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne duk sadda lamba ta hau, gilashin na ƙanƙancewa, wurin da yake nunawa na raguwa, dole idonka ya ƙara matsowa, kuma ɗan motsi kaɗan zai ɓata saitin. Mai 20x ɗan gutsuren hoto kawai zai nuna maka, kuma abin da zai cika maka ido shi ne tsakin fim ɗin, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi hoton, ba hoton ba.

Hanya mai sauƙi ta fahimtar lambar ita ce ka ɗauke ta a matsayin girman hoton da za a wanke. Silayid ɗin 35mm a ƙarƙashin 4x yana kama da hoton milimita 96 a 144 a hannunka, wato kusan hoton inci 4 a 6. A ƙarƙashin 8x yana kama da hoton inci 8 a 12. Saboda haka hoto na iya fitowa fes a 4x, amma ka ɗora masa 8x ka ga gashin ido ya narke. Idan ƙananan hotuna za ka wanke, 4x ya ishe ka yanke hukunci. Idan babban hoto za ka buga don bango, sai ka bi da 8x ko 10x.

Shawarata ga mai fim ɗin 35mm: fara da 4x mai kyau wanda ke rufe hoton gaba ɗaya. Da shi za ka yi kashi mafi yawa na aikinka, domin tantance silayid kallon hoto ne kafin ya zama binciken fokas. Daga baya ka ƙara da 8x ko 10x, wanda ba sai ya yi tsada ba tunda tsakiyarsa kawai za ka riƙa amfani da ita. Mai fim ɗin 6x6 ko 6x7 ya nemi 3x, shi ne yake iya nuna hoton dukansa, sannan 8x ɗin nan dai ya yi masa aikin bincike. Akwai masu 5x da 5.5x da aka ƙera su rufe 35mm, suna da daɗin kallo, amma duba da kyau ko kusurwoyi na fitowa ba tare da ka juya ido ba.

Gargaɗi: lup masu araha sukan yi ƙarin gishiri a lamba. Ana iya rubuta 10x a jikin abin da bai wuce 6x ba. Ɗora shi a kan rula ka ƙirga milimita nawa ke fitowa: idan an ce 10x ne amma kana ganin fiye da santimita 4 daga gefe zuwa gefe, akwai alamar tambaya a kan lambar.

Wani gargaɗin: lup na masu duba zinare da duwatsu, mai naɗewa cikin murfin ƙarfe, yawanci 10x ne kuma gilashinsa na iya zama mai kyau ƙwarai. Sai dai ba shi da mazauni, wato gindin da zai zauna a kan fim, a iska ake riƙe shi. A kan fim, hannu na rawa, saiti na tafiya, kuma bakin ƙarfen na iya karce hoton.

4. Duba gilashin kansa

Lup mafi araha gilashi ɗaya ne, sau da yawa ma na roba. Matsalarsa uku. Yana zana jan layi ko shuɗi a gefen duk abin da ke da haske, domin gilashi ɗaya ba ya iya tara launuka duka a wuri guda. Yana lanƙwasa miƙaƙƙun layuka a gefe. Kuma tsakiya kaɗai ke fitowa sosai, gefen ya zama hazo. Illar ita ce za ka ɗora wa lens ɗin kyamararka laifin da na lup ne, har ka jefar da silayid mai kyau.

Wanda ya fi shi shi ne mai gilashi biyu da aka haɗa don gyara launi. A kwali za ka ga an rubuta achromat. Na sama kuma su ne masu gilashi uku ko huɗu, wasu da gilashin da aka yi wa lanƙwasa ta musamman don gefe ya fito kamar tsakiya. Nemi kuma mai shafe a fuskar gilashi. Karkata shi a gaban fitila: idan ka ga ƙyalli mai launin kore ko shunayya mara ƙarfi, yana da shafe, idan farin ƙyalli ne mai ƙarfi, babu. Shafen nan ne ke hana haske yawo a ciki, shi ke sa baƙi ya fito baƙi ƙirin a silayid maimakon toka-toka.

Sunayen da masu fim suka daɗe da yarda da su sun haɗa da Schneider da Rodenstock na Jamus, da Peak na Japan. Pentax da Mamiya da Fuji ma sun yi nasu. Suna kaɗai ba ya isa, domin kamfani ɗaya kan yi mai sauƙi ya yi mai tsada; Peak, alal misali, yana da ƙananan lup na yau da kullum, yana kuma da babban 4x mai gilasai da yawa.

5. Zaɓi mazauni

Mazauni shi ne ɓangaren ƙasa da ke zama a kan fim, kuma iri biyu ne. Baƙi, wanda haske ba ya ratsawa, shi ne na silayid da nagetif, tunda haskensu daga ƙasa yake zuwa. Yana tare hasken ɗaki don kada ya wanke launi. Mai garai-garai kuwa na hoton takarda ne, wanda sai haske ya faɗo masa daga gefe kafin a gan shi. Lup masu kyau da yawa na zuwa da duka biyun, ana cire wannan a sa wancan. Idan naka mai garai-garai ne kaɗai, naɗe shi da baƙar takarda ko baƙin salatif, ya yi aiki.

Shafa yatsa a bakin mazaunin. Idan ka ji kaushi ko kaifi, kada ya taɓa fim ɗinka.

6. Daidaita shi da idonka

Abu biyu za ka nema. Na farko zoben saiti, wanda ake murzawa gilashin ya hau ko ya sauka. Ko idonka lafiya lau yake kana buƙatarsa, saboda fim ɗin da ke cikin firam yana ɗan ƙasa da inda mazauni ya zauna, wanda ke cikin leda kuma yana kusan manne da shi. Lup mara zobe an saita shi ne a tazara ɗaya tak. A sauran sai idonka ya yi ta kokawa, bayan rabin awa ka ji kai na sarawa. Wanda ya haura shekara 40 ya fi kowa buƙatar zoben, domin daga nan ido ke fara rage iya saita kansa a kusa.

Ga yadda ake saitawa. Murza zoben ya fito waje har hoton ya ɓace, sannan ka riƙa mayar da shi ciki a hankali, ka tsaya a daidai inda tsakin fim ya fara fitowa tar. A kan tsakin za ka saita, ba a kan hoton ba, domin hoton na iya zama dishi-dishi tun asali, tsaki kuwa kullum yana nan. Idan ka wuce wurin ka ci gaba da murzawa, za ka ci gaba da gani, amma idonka ne ke biyan kuɗin.

Na biyu, tazarar da ido zai iya ja baya ya ci gaba da ganin hoton duka. Mai sa tabarau ba zai iya manna ido a gilashi ba, don haka ya gwada da tabaransa a fuska ya ga ko kusurwoyi huɗun na fitowa. Ya kuma nemi mai bakin roba mai laushi don kada tabarau ya karce.

Gargaɗi: zoben saiti na gyara rashin gani nesa ko kusa, amma ba ya gyara astigimatizim, wato lalurar da rashin daidaiton lanƙwasar ido ke sa gani ya yi dishi-dishi. Mai wannan lalura kada ya cire tabarau yana sa ran zobe zai maye gurbinsa.

7. Tanadi hasken da zai zauna a ƙasa

Lup mai kyau a kan mummunan haske asarar kuɗi ne. Silayid yana son faifan haske mai fari daidai daga gefe zuwa gefe. Ma'aunin da masu bugu da masu hoto ke bi, ISO 3664, ya tsayar da hasken da ake kira D50, wato farin haske mai ma'aunin launi wajen 5000K. Nemi faifan da aka rubuta masa haka, kuma lambar CRI ɗinsa, wadda ke nuna yadda haske ke fito da launi daidai, ta haura 90. Idan ta kai 95 ya fi. Faifan masu zane mai araha zai ishe ka binciken fokas, amma da yawansu na karkata zuwa shuɗi, sai ka ɗauka launin fim ɗinka ne ya gudu.

Idan babu faifai tukuna, waya ko tablet za ta riƙe ka. Buɗe farin shafi, ƙure haske, kashe yanayin dare mai sa allo ya yi ruwan ɗorawa. Sai dai idan ka kwantar da silayid kai tsaye a kan allon, lup zai nuna maka ɗigon allon a cikin hoton kamar raga. Sa farar roba mai ratsa haske a tsakani, ko ka ɗaga silayid ɗin sama da allon kamar santimita ɗaya, ragar za ta ɓace. Farar takarda ba ta yi, zarenta na fitowa.

Gargaɗi: kada ka yanke hukuncin launi ta ɗaga silayid zuwa taga. Hasken sama na canzawa daga safe zuwa yamma, kuma ganye ko bangon da ke waje na shiga cikin hoton.

8. Idan na allon kyamara kake nema

Wannan wani abu ne daban, ko da yake sunan ɗaya ne. Babban aikinsa shi ne yi wa allo inuwa, ƙarin girman na biye ne. Siffarsa kamar mazurari mai kusurwa huɗu: faffaɗan bakin ya rufe allo, ƙaramin ya zo ido.

Dalilin da ya sa lambarsa ba ta hawa shi ne allon kansa. Allon da aka ce yana da ɗigo 920,000, hotonsa 640 ne a 480, domin ja da kore da shuɗi kowanne ana ƙirga shi daban. Mai miliyan 1.04 kuwa 720 ne a 480. A allon inci 3, kowane ɗigon hoto kusan kashi ɗaya cikin goma ne na milimita. Da ka kai 3x ka fara ganinsu ɗaya-ɗaya; ka wuce nan babu wani sabon abu da za ka gani sai raga. Shi ya sa Z-Finder na kamfanin Zacuto ya fito a 2.5x da 3x, HoodLoupe na Hoodman kuma kusan ba ya ƙara girma, inuwa da saitin ido kawai yake bayarwa. Don tabbatar da fokas, maɓallin zuƙowa na kyamara ne zai yi aikin: zuƙo hoton har ɗari bisa ɗari, lup kuma ya ba ka damar ganinsa a rana.

Sai yadda ake maƙala shi, kuma a nan bambancin mai hoto da mai bidiyo yake. Mai ɗaukar hoto wanda ke duba allo bayan ya ɗauka, na rataya a wuya ya fi masa: ka ɗora, ka duba, ka saki. Mai bidiyo yana buƙatar wanda ke zama daram, domin yana kallo ne yana ɗauka, kuma manna lup a ido na ƙara wa kyamara wurin jingina na uku bayan hannuwa biyu, rawa ta ragu. Masu zama daram iri biyu ne. Akwai mai firam da ake mannawa da gam a kewayen allo, lup ɗin ya kama shi da maganaɗisu ko maƙalli. Akwai mai faranti da ake ɗaurewa a ramin sukurun da ke ƙasan kyamara, inda ake ɗaura ta a kan ƙafa uku. Mai faranti ya fi ƙarfi kuma ba ya barin gam, amma duba ko yana toshe ƙofar batir, da ko yana da nasa ramin sukuru a ƙasa don ka ci gaba da amfani da ƙafa ukun.

Idan allonka mai juyawa ne, firam mai gam na iya hana shi rufewa, nauyin lup kuma na iya gajiyar da maƙallinsa. Idan allon taɓawa ne, nemi lup mai buɗewa sama kamar murfi, in ba haka ba sai ka cire shi duk sadda za ka taɓa wani abu. Lokacin manna firam, goge wurin tas, kunna allo don ka ga iyakar hoto, manna, danna, ka bar gam ya kwana kafin ka rataya masa nauyi. Gaggawa a nan ce ke sa lup ya faɗo ana tsakiyar aiki.

Gargaɗi mai girma: kada ka bar bakin ido na lup yana kallon rana alhali yana kan kyamara. Gilashin na tara hasken a wuri ɗaya, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan zai ƙona allon ya bar tabon da ba ya gyaruwa. Yakan faru ne idan kyamara na rataye a kafaɗa, ko tana kan ƙafa uku ka juya kana magana. Rufe bakin da murfinsa duk sadda ka ɗauke ido.

Kafin ka saya ma, duba kyamararka. Idan tana da madubin leƙe na lantarki, wato ƙaramin allon da ke cikin wurin da ake sa ido, kamar yawancin marasa madubin ciki na yanzu, kana iya duba hoto da zuƙowa a cikinsa, wataƙila ba ka buƙatar lup ɗin allo sam.

9. Idan na gurzajjen gilashi ne

Mai kyamarar 4x5, wato mai fim na inci 4 a 5, ko wadda ta fi ta ya tsaya tsakanin 4x da 7x. Sama da haka yashin gilashin ne zai rufe hoton. Dole ya zama mai zoben saiti, domin hoton na sauka ne a fuskar ciki ta gilashin, mazauni kuma na zaune a fuskar waje. Saita zoben a kan yashin gilashin, sannan ka ɗaure shi da salatif kada ya motsa a aljihu. Siririn mazauni ko mai kusurwa huɗu ya fi shiga kusurwoyi, dogon jiki kuma na hana hancinka da numfashinka gumar da gilashin. Toyo 3.6x na cikin waɗanda aka yi don wannan aiki.

10. Gwada kafin ka biya

Tafi da abu uku: rula, takarda mai layukan murabba'i, da silayid ɗin da ka riga ka san ya fito fes. Rula za ta gaya maka faɗin da yake nunawa. Takardar za ta nuna ko layuka na lanƙwashewa a gefe, da ko baƙin layi na samun ja ko shuɗi a bakinsa. A kan silayid, saita tsakiya sannan ka kai ido kusurwa ba tare da ka taɓa zobe ba. Idan sai ka sake murzawa kafin kusurwa ta fito, gilashin bai kai ba. Ka daɗe kana kallo kamar minti biyar, domin lup mai gajiyar da ido ba ya nuna halinsa a leƙe ɗaya. Gani ya kori ji: idan ta intanet za ka saya, tabbatar ana karɓar kaya idan an mayar, ka yi gwajin ranar da ya iso.

Game da kuɗi, hawa uku ne. Na ƙasa su ne na roba mai gilashi ɗaya, irin tsohon Agfa 8x da masu kwaikwayonsa. Sun isa duba tsakiyar hoto, ba su isa hukuncin launi ko gefe ba. Na tsakiya masu gilashi biyu da zoben saiti, su ne suka fi dacewa da yawancin mutane. Na sama na iya ninka na ƙasa sau da yawa, kuma da yake an daina ƙera wasunsu, a hannu na biyu ake samu. Idan kuɗin bai kai ko'ina ba, zuba mafi yawa a kan 4x ko 3x, sai faifan haske, 8x ya zo ƙarshe.

Na hannu na biyu, haska masa tocilan daga ƙasa ka leƙa ta sama a karkace. 'Yar ƙura ba komai. Zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce. Hazo a ciki, ko wani baka mai launuka a gefe, na iya zama alamar gam ɗin da ya haɗa gilasai ya fara saki. Waɗannan biyun ka bar su. Murza zoben ka ji yana tafiya sumul, ka kuma tambayi ko mazaunin biyu na nan.

Akwai hanyar da ba ta cin ko sisi idan kana da tsohon lens na 50mm. Cire shi daga kyamara, buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, leƙa ta cikinsa a kan silayid, ka gwada ta gaba da ta baya ka ga wadda ta fi maka. Bisa lissafin nan na sama, 250 a raba da 50, kana da 5x, kuma gilashinsa ya fi na yawancin lup masu araha gyara. Aibinsa rashin mazauni da nauyi, don haka riƙe shi da kyau kada ƙarfen ya sauka a kan fim.

11. Yadda ake aiki da shi da adana shi

Hure ƙura daga faifan haske da fim da robar hura iska, ba da baki ba, yawu na barin tabo. Kama fim ta gefe, ko ka sa safar hannu ta auduga. Fim na da fuska biyu, mai ƙyalli da mai dushewa. Mai dushewar ita ce ke ɗauke da hoton kuma ita ta fi saurin karcewa. Mai ƙyallin za ta kalle ka, ta nan ne rubutu ke karantuwa daidai. Fim ɗin da ba ya cikin firam a bar shi a ledarsa a duba. Idan za ka matsa zuwa hoto na gaba, ɗaga lup ɗin ka sake ajiyewa, kada ka ja shi, domin ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin mazauni ta isa ta zana layi a tsawon hotuna da yawa. Rufe sauran faifan da baƙin kwali ka bar wurin hoton kaɗai, za ka ga inuwoyi sun ƙara buɗewa tunda farin da ke gefe ya daina kashe maka ido.

Jera silayid, bi su da 4x ka ware masu tsari da haske, sannan ka bi waɗanda suka tsira da 8x. Yin akasin haka ɓata lokaci ne a kan hotunan da dama ba za ka ɗauka ba.

Wajen gogewa, iska tukuna, sai kyalle mai laushi na lens da ɗigon ruwan goge lens a jikin kyallen, ba a kan gilashin ba, kada ya gangara ciki. Gilashin roba kada a sa masa sifirit, yana iya sa shi hazo ko tsagewa. Ajiye lup a busasshen wuri da murfinsa, tare da ɗan ƙunshin silika mai shan danshi, a kuma canza ƙunshin ko a busar da shi lokaci-lokaci, musamman idan jakar na yawan fita cikin ruwa.